Baƙin Da Suka Ci Kasuwar Del Boy

Jama'a masu karatu, musamman 'yan'uwanmu na kasuwannin bakin iyaka, bari mu soma da wani ciniki, ku yanke hukunci da kanku ko da ku ne za ku shiga.

Wani dattijo ne mai suna Arnie, fes da shi, maganarsa a hankali. Ya ce shi tsohon mai sayar da kayan zinariya ne, ciwon zuciya ya sa ya bar sana'a. Yana da sarƙoƙin zinariya guda 250 waɗanda wani attajiri ya sa ya tanadar masa, amma mutumin ya yi shiru bai zo ya ɗauka ba. Kaya sun kwanta masa, yana so ya rabu da su a kan fam 50 kowace ɗaya, wato fam 12,500 duka. Aka duba zinariya, ta gaske ce. Abokai shida suka yi karo-karo suka biya shi. Kuɗi na shiga hannunsa sai ga labari: ai mai kayan na farko ya dawo, yana neman kayansa, kuma a shirye yake ya biya da tsada. Abokan nan suka ga riba ta biyo su har gida, suka ce wa Arnie ya je ya sayar masa a madadinsu, su ba shi la'adarsa. Ya ɗaure jakar sarƙoƙin a hannunsa da ankwa, ya shiga gidan abincin da aka yi alkawarin haɗuwa, su kuma suna sa masa ido. Yana zaune sai ya dafe ƙirji, ya yanke jiki ya faɗi. Kafin ka ce kwabo motar asibiti ta iso, aka kinkime shi, shi da jaka. Sai daga baya ta bayyana cewa motar tasa ce, ma'aikatan asibitin biyu da suka ɗauke shi kuwa 'ya'yansa ne.

Wannan abu ba a wata kasuwa tamu ya faru ba. A birnin Landan ne, kuma a cikin akwatin talabijin, a shekarar 1989. Ɗan wasan da ya fito a matsayin Arnie sunansa Philip McGough, kuma sau ɗaya tak ya fito a cikin shirin, amma har yau masu son shirin ba su manta da shi ba. Irin waɗannan baƙin 'yan wasa, masu zuwa sau ɗaya ko sau uku su wuce, su ne abin da muke son mu yi magana a kai yau.

Shirin dai sunansa Only Fools and Horses, wasan kwaikwayo ne na barkwanci da gidan talabijin na BBC ya fara nunawa ran 8 ga Satumba 1981. Sunan an ɗauko shi ne daga wata tsohuwar maganar 'yan zaman kashe wando, wai wawaye da dawakai ne kaɗai ke wahalar da kansu da aiki. Wanda ya rubuta shi tun daga farko har ƙarshe mutum ɗaya ne, John Sullivan, ɗan talakawan kudancin Landan, wanda ya shiga BBC a matsayin mai ɗaukar kayan dandali kafin a gane yana da alƙalami. An yi kashi 64, na ƙarshe a Kirsimetin 2003. A 2004 da BBC ta nemi ra'ayin jama'a, shi aka zaɓa a matsayin wasan barkwancin da ya fi kowanne a Birtaniya. Sullivan ya rasu a 2011.

Labarin wa da ƙane ne, Derek Trotter, wanda kowa ke kira Del Boy, da Rodney. David Jason ne Del, Nicholas Lyndhurst kuma Rodney. Suna zaune a wani dogon bene na hukuma mai suna Nelson Mandela House a unguwar Peckham, tare da kakansu. Uwarsu ta rasu Rodney yana ƙarami, ubansu ya gudu, Del ne ya raine shi. Sana'arsu kuwa, kowa a cikinmu ya san irinta. Del ɗan koli ne mara rumfa, mara lasisi. Akwati ɗaya yake buɗewa a gefen kasuwa, yau agogo, gobe turare, jibi kayan wasan yara da ba a san ta inda suka shigo ba, Rodney yana tsaye yana duba ko ɗan sanda na tafe. Motarsu 'yar ƙurƙura ce mai ƙafa uku, ruwan ɗorawa, amma a jikinta an rubuta sunayen birane uku: New York, Paris, Peckham, kamar wani kamfani mai rassa a duniya. Ba ya biyan haraji ko na anini, kuma kullum yana gaya wa ƙanensa cewa war haka baɗi sun zama miloniya. Ga shi da son jefa Faransanci a magana don a ce ya waye, alhali kuwa bai san ma'anarsa ba. Mutanenmu na wannan gefen iyaka za su fi kowa jin daɗin wannan, domin sai zai yi sallama ya tafi sannan yake cewa bonjour.

To, a wasa irin wannan, 'yan gida ba su canzawa. Del yana nan da burinsa, Rodney da ƙorafinsa, abokansu na mashaya suna nan: Boycie mai sayar da tsofaffin motoci, Trigger mai sharar titi, Denzil direban babbar mota. Abin da ke motsa labari shi ne wanda ya shigo daga waje. Kuma da muka zauna muka bi baƙin nan ɗaya bayan ɗaya, sai muka lura da wani abu: waɗanda suka fi zama a zukatan mutane kusan dukkansu da ciniki suka zo. Del gwanin baki ne, yana iya sayar wa makaho madubi. Sullivan ya gane cewa babu daɗi a yi ta kallon gwani yana cin wawaye. Daɗin yana wurin da aka kawo masa wanda ya fi shi.

Tun a kashi na 3, a 1981, aka fara. Wasu Indiyawa biyu, Vimmal da Ram, waɗanda Ahmed Khalil da Renu Setna suka fito a matsayinsu, suna gaba mai tsanani a kan wani ɗan gunki na gado. Ram ya ce wa Del shi attajiri ne mai gidajen abinci da yawa, zai biya fam 4,000 a kan gunkin, amma al'adarsu ta hana shi yin magana da Vimmal baki da baki. Ana neman dillali ke nan. Del ya koma wurin Vimmal ya ce masa an taya fam 2,000, da niyyar ya soke sauran 2,000 a aljihu. Sai aka zo inda gizo ke saƙa: mai kaya ya ce ba ya sakin kaya sai ya ga kuɗi, mai saye ya ce ba ya sakin kuɗi sai ya ga kaya. Del ya ce wannan mai sauƙi ne. Ya sayar da duk abin da ya mallaka, ya haɗa fam 2,000 na kansa, ya karɓo gunki, ya nufi gidan abincin Ram. Can aka ce masa ai Ram ba shi da ko cokali a wurin, shi ma cin abinci yake zuwa yi. Gunkin kuma ana sayar da irinsa fam 17 a kasuwar Portobello. Mutanen biyu abokan juna ne, gari-gari suke bi da wannan wasa.

Ku duba da kyau, ba su roƙi Del ya kawo kuɗinsa ba, ko sau ɗaya. Sun dai buɗe masa ƙofar da zai cuce su, shi kuma ya shiga da gudu. Haka ma Arnie: zinariyarsa ta gaske ce, cinikin farko ya ƙare lafiya, kaya sun shiga hannun masu saye. Da sun tsaya nan da sun ci riba. Riba ta biyu ce ta sa suka mayar masa da kayan da hannunsu. Shi ya sa 'yan wasan da aka ɗauko wa waɗannan matsayi ba masu zare ido ba ne. McGough ya yi Arnie a matsayin mutum mai rauni, mai shan magani, wanda za ka ji kunyar ka zarge shi. A ganinmu nan ne gwanintar take, domin ɗan damfarar da ya yi kama da ɗan damfara yunwa ce za ta kashe shi. Amma dai Arnie bai sha ba. Da ya je zai yi wa Denzil irin wannan wasa, su Del suka samo tasu motar asibitin, suka riga 'ya'yansa isowa. Ya buɗe ido a kan gadon mota ya ga fuskokin mutanen da ya cuta sun kewaye shi.

Babban baƙon shirin kuwa, wanda babu gardama a kansa, shi ne Roy Slater, jami'in 'yan sandan ciki. Jim Broadbent ne ya yi shi. Abin mamaki, Broadbent na cikin waɗanda aka fara yi wa tayin zama Del Boy kansa, bai karɓa ba saboda yana da aikin dandali a hannu, sannan aka dawo kan David Jason. Sau uku kacal ya fito, a 1983 da 1985 da 1991, amma idan ka ji masu kallo suna hirarsa sai ka ɗauka kullum yana ciki. Daga baya ya zama babban ɗan fim, har ya ci kyautar Oscar a 2002 saboda fim ɗin Iris.

Slater ɗan ajinsu Del ne a makaranta, yaron da ba wanda ke son wasa da shi, ya girma ya sa kaki ya dawo unguwa da ƙullin kowa a ransa. An ce har ubansa ya taɓa kamawa saboda fitilar keke. A fitowarsa ta farko, an saci wani akwatin ɗumama abinci na lantarki daga bayan babbar mota, ya bi sawu har ɗakin su Del ya same shi. Ya kwashe su uku zuwa caji ofis, har da tsohon. Shi ba akwatin ne ya dame shi ba. So yake ya mayar da Del ɗan rahotonsa, mai kawo masa tsegumin 'yan kasuwa har abada. Ya ce ko dai Del ya faɗi sunan ɓarawon, ko ya ƙulla wa Rodney sharrin ƙwaya a ɗaure shi, a bar tsoho shi kaɗai a bene. Duk wanda ya taɓa zama a kan bencin wani ofis, kayansa a tsare, ana ce masa ya faɗi sunan wani a sake shi, ya san nauyin wannan zaɓi. In ka faɗa, ka gama zama a kasuwa. In ka ƙi, naka ne zai sha.

Del ya nuna kamar ya karaya. Ya ce zai faɗa, amma da sharaɗi: a saki Rodney da kakansu, kuma a rubuta masa takarda, da sa hannun manya, cewa ba za a gurfanar da shi a kan wannan magana ba ko ta halin ƙaƙa. Slater yana murna ya kama babban kifi, ya je ya kawo takarda, aka sa hannu. Ya ce to, wa ya saci akwatin? Del ya ɗaga takardar ya ce shi ne. Nan kashin ya ƙare. Dariyar ba ta fito daga bakin Del ba, daga fuskar Broadbent ta fito, yadda murmushin mugunta ya daskare masa.

Fitowarsa ta biyu, a Kirsimetin 1985, ita ce za ta fi jan hankalin masu karatunmu, domin magana ce ta tsallake iyaka da kaya. Boycie da wani abokinsa Abdul suka ɗauki Del ya kawo musu lu'ulu'u daga birnin Amstadam na ƙasar Holan ta bayan fage, a kan ladan fam 15,000. Slater ya baza mutanensa a filayen jirgin sama. Del ya ce to ba ta sama za a bi ba, ya yi hayar wani tsohon jirgin ruwa a garin Hull, ya ɗora wa kawunsu Albert tuƙi, tsohon sojan ruwa mai cika baki wanda ashe bai taɓa jan ragamar jirgi ba. Suka ɓata a tsakiyar teku, har sai da Del ya tsaya kusa da wata rijiyar haƙar gas yana ƙwala wa ma'aikata kira, yana tambayar ta ina ake zuwa Holan, kamar wanda ya ɓata a hanyar ƙauye. Da ƙyar suka je suka dawo da kaya. Suna isowa wurin da za a raba, sai ga Slater. Ashe tun farko bakinsa ɗaya da mai sayar da lu'ulu'un: a sayar wa mutum, a bar shi ya sha wahalar shigo da kaya, sannan jami'i ya tare ya karɓe, wanda aka karɓe wa kuma ba shi da bakin kai ƙara, tunda shi ma fasa-ƙwauri ya yi. Ba za mu ce komai a kan wannan ba, kowa ya yi nasa tunanin. A cikin wasan dai, yaronsa Hoskins ne ya kai shi cikin tarkon hukuma, aka ɗaure shi.

A 1991 ya fito daga kurkuku ya dawo yana cewa ya tuba, ya tara tsofaffin 'yan ajinsu yana neman gafara, har Del ya tausaya masa ya ba shi wurin kwana. Sai ta bayyana cewa shi ne mijin da Raquel, matar da Del ke zaune da ita, ta gudu ta bari, kuma ya zo ne da takardar da yake so ta sa wa hannu don kada ta sami kaso a cikin dukiyar da ya ɓoye. Ko a tubansa ma da ciniki ya zo.

Ba duka baƙin ne mugaye ba. A 1986 an tsare su Del a ofishin manajan wani babban kanti bisa zargin sata, sai ga wani saurayi mai suna Lennox Gilbey ya zaro bindiga ya ce a buɗe akwatin kuɗi. Matsalar ita ce akwatin yana kulle kansa ne da agogo, shi kuma Lennox agogon hannunsa ya yi masa ƙarya, ya makara. Ba mai iya buɗewa sai ƙarfe 8 na safe. Haka aka kwana, ɗan fashi da waɗanda ya tsare, a ɗaki ɗaya. Vas Blackwood ne ya yi Lennox, kuma ya yi shi a matsayin yaro mai son a ji tsoronsa alhali shi ne ya fi kowa tsoro. Can cikin dare barci ya kwashe shi, bindiga a ajiye a gabansa. Rodney ya lallaɓa a hankali, kowa ya riƙe numfashi, ya miƙa hannu, ya wuce bindigar ya ɗauko kwalin taba. Abin da ya warware rikicin kuwa shi ne Del ya gane yaron, ya san uwarsa tun yana yawon talla a unguwarsu. Daga nan ya gano cewa manajan da shugaban masu gadi ne suka shirya fashin, bashi da ƙarancin fansho suka tura su. Del bai kai kowa ƙara ba. Ya sa aka ba Lennox aikin gadi a kantin, shi kuma aka shirya ya zama mai saye na miliyan ɗaya, mai kyautar fam 1,000. Blackwood ya yi suna daga baya a fim ɗin Lock, Stock and Two Smoking Barrels na 1998, amma a Ingila da yawa har yanzu Lennox suke ganinsa.

Akwai kuma Tony Angelino, mai kwasar shara da rana, mawaƙi da dare, wanda Philip Pope ya yi a 1991. Del ya ji shi yana waƙa, murya kamar zuma, ya ɗauke shi haya ya haɗa shi da Raquel don su yi wasa a bikin uwar wani gawurtaccen ɗan ta'adda. Abin da Del bai bincika ba shi ne mutumin yana da tsamin baki, ba ya iya furta harafin R, shi ya sa yake zaɓen waƙoƙin da babu shi a ciki. Del kuwa ya tilasta masa wata waƙar Roy Orbison wadda sunanta ma da R a ciki. Ku ƙaddara ɗan talla ne aka ce ya yi shelar araha, ya buɗe baki ya ce "awaha". Wannan karon ba wanda ya cuci Del, shi ne ya sayi kaya bai buɗe buhu ba. Allah ya taimake shi uwar ɗan ta'addan ta yi dariya har da hawaye, ta ce a sake kawo su.

Shirin da ya yi farin jini irin wannan, dole manyan mutane su so a gan su a ciki. A kashin da aka yi a Amurka a 1991 an ga attajirin nan Richard Branson a filin jirgi, an ga mawaƙi Barry Gibb a bakin gidansa. A 2014 an yi wani ɗan gajeren wasa na neman taimako tare da ɗan ƙwallo David Beckham. Mu dai a namu ra'ayin, waɗannan ba su ƙara wa miyar gishiri ba. An gan su, an yi tafi, shi ke nan. Ba su zo da kaya ba, ba su zo da bashi ba, ba abin da Del zai ci ko ya rasa a hannunsu. Ɗan wasan da ba a san sunansa ba, wanda ya shigo da jakar sarƙa, ya fi su zama a rai nesa ba kusa ba.

Wasu baƙin kuma sun zo ne suka zama 'yan gari. Boycie, wanda John Challis ya yi, fitowa ɗaya aka ba shi a zangon farko, yana sayar da mota, dariyarsa mai kama da kukan jaki ta sa aka yi ta dawo da shi. Raquel ma, wato Tessa Peake-Jones, an kawo ta ne don kashi ɗaya na Kirsimetin 1988, jama'a suka so ta, ta dawo a 1989 ta zauna. Shi kuwa Albert, rasuwa ce ta kawo shi. Lennard Pearce, mai fitowa a matsayin kaka, ya rasu a Disambar 1984 ana tsakiyar ɗaukar sabon zango. Maimakon a sa wani ya ɗauki matsayinsa, Sullivan ya rubuta jana'izar kakan a cikin wasan, ya sa ƙanensa ya zo gaisuwa ya ƙi tafiya. Buster Merryfield da ya yi Albert tsohon manajan banki ne, sai da ya yi ritaya yana da shekara 57 sannan ya shiga wasa a matsayin sana'a.

Inda shirin ya fi taɓa zuciya kuwa, nan ma baƙi ne suka buɗe ƙofar. A Kirsimetin 1983 ubansu Reg, wanda Peter Woodthorpe ya yi, ya dawo bayan shekara 18, ba da neman gafara ba. Ya ce yana da ciwon jini na gado, ya sa 'ya'yan suka yi gwaji, sannan ya saci jiki ya canza takardar Del don a ce ba ɗansa ba ne, ya raba shi da ƙanen da ya raina, ya gaje kujerarsa a gida. Sau ɗaya aka ga Reg, amma daga ranar mai kallo ya gane dalilin da ya sa Del yake riƙe Rodney kamar ɗa.

Sai 'yan'uwan nan biyu, Danny da Tony Driscoll, manyan 'yan dabar Peckham. An sha ambaton sunansu a mashaya ana rage murya, amma sau ɗaya aka nuna su a shirin, a 1989: Roy Marsden dogo mai sanyin magana, Christopher Ryan gajere mai zafin kai. Del ya karɓi wasu wayoyin hannu daga wasu samari, bai san asalin kayan na su Driscoll ba ne, wayoyin kuma ba su aiki yadda ya kamata. Suka zo karɓar fam 2,000. A daidai lokacin Rodney zai yi aure, kuma Del ya riga ya yi masa alkawarin fam 2,000 na kafin alƙalamin gidan da zai zauna da amarya. Kuɗi ɗaya, masu jira biyu. Rodney ya ɗauka wansa ya kai wa 'yan daba kuɗin ya bar shi a rana, ya dawo gida da dare yana ta zazzaga masa magana. Sai da ya ga jikin Del duk tabon duka sannan bakinsa ya mutu. Kuɗin suna nan, ba a taɓa ko fam ɗaya ba. A wurin nan masu dariyar da ke cikin ɗakin ɗaukar shirin ma shiru suka yi.

Baƙo na ƙarshe da za mu kawo shi ne kaɗai wanda ya zo bai ɗauki komai ba. A kashin da aka nuna ran 29 ga Disamba 1996, iyayen Raquel suka zo ganin surukinsu. Uban, James Turner, wanda Michael Jayston ya yi, dillalin kayan tarihi ne. Washegari ya zo ɗaukar motarsa a garejin su Del, inda suke jibge kayan da suka ƙi sayuwa, idonsa ya faɗa kan wani tsohon agogon aljihu da Del ya samo shekara 16 baya a cikin tarkacen wani gida, yana ganin bai kai a ɗaga ba. A cikin labarin, ashe agogon aikin John Harrison ne, maƙerin agogon Ingila na ƙarni na 18 wanda ya ƙera agogunan da suka ba matuƙa jirgin ruwa damar sanin inda suke a teku. Mutumin nan yana iya taya shi fam 5 ya tafi da shi, Del ya yi masa godiya. Bai yi ba, ya gaya musu gaskiya.

Amma akwai sauran magana: sai sun nuna shaidar cewa agogon nasu ne. Del, mutumin da bai taɓa son takarda ba saboda tsoron masu haraji, ba shi da komai. Rodney ne, wanda tun a kashin farko aka nuna shi da son rubuta lissafi wansa yana masa faɗa, ya tono tsohon rasit ɗin a cikin tarkace. Aka kai agogo gidan gwanjo na Sotheby's. Da aka fara tayi Del ya ji adadin ya sume. Da ya farfaɗo aka ci gaba, Rodney ma ya sume. An buga guduma a kan fam miliyan 6.2. Mutum miliyan 24.3 ne suka kalli wannan kashi a daren, adadin da ba a taɓa samu ba ga wasan barkwanci a Birtaniya.

Jayston bai sake fitowa a shirin ba, ya rasu a 2024. Dukiyar ma ba ta daɗe ba. Da aka dawo da shirin a Kirsimetin 2001, an tarar Del ya zuba kuɗin a kasuwar hannun jari ta Amurka ta Tsakiya, kasuwar ta rushe, masu haraji suna binsa bashi, sun koma tsohon benensu na Peckham da 'yar motarsu mai ƙafa uku.